Ofishin haraji a Sabon Gari da ya ce mana ba za a saka su Baba a takardun Yaya na Amurka ba

Salamu alaikum jama'a. Wannan bayanin na masu 'yan'uwa a Amurka ne, musamman mu da aka bari a gida muna kula da tsofaffi, kuɗi na shigowa ta hannunmu. Akwai wani ɗan ofishi a Sabon Gari nan Zariya, can wajejen PZ, da ke taimaka wa 'yan Najeriya mazauna Amurka cike takardun harajinsu na shekara. Mai ofishin wata Hajiya ce 'yar nan garin, a reshen Jami'ar ABU da ke Kongo nan Zariya ta karanta akanta kafin aure ya kai ta can, yanzu tana da lasisin da zai ba ta damar tsaya wa mutum a gaban IRS, hukumar harajin Amurka kenan. Ita tana can, ƙaninta ne ke zama a ofishin nan yana karɓar takardu yana turawa. Ba zan kama suna ba don ban nemi izininsu ba, kuma akwai abubuwan da zan kushe. Amma dai tun farko in faɗa, na gamsu da aikinsu, in maki ne zan ba su huɗu cikin biyar, duk da cewa abin da ya kai mu wajensu ba mu samu ba.

Yayana yana aikin jinya a Atlanta, ya daɗe can har ya samu takardar zama ɗan ƙasa. Duk wata yana turo kuɗin cefane da na magani, Baba na fama da hawan jini da suga muna kai shi Shika ganin likita, Inna kuma ciwon ƙafa. Ni ke riƙe da littafin lissafin gidan a Tudun Wada, duk abin da aka saya sai na rubuta. To wani mutum a can, wanda ke cike wa mutane takardun haraji a falonsa, ya ce wa Yaya ai asara yake yi duk shekarun nan, wai tunda shi ke ciyar da iyayensa zai iya saka su a matsayin waɗanda ke ƙarƙashin kulawarsa, gwamnati ta mayar masa da dubban daloli. Wai abin da ake buƙata kawai fasfo ɗinsu da rasit na kuɗin da yake turowa, shi kuma mutumin zai cire kasonsa daga abin da aka mayar. Yaya ya kira ni da murna, ni ma na yi murna wallahi, don ko ba komai kuɗin zai rage mana nauyin magani. Matarsa ce ta ce a dakata tukuna a tambayi Hajiyar nan, tunda wata ƙawarta ta taɓa aiki da ita.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman bene, tebur biyu, kwamfuta, firinta mai sikana, da fanka. Yaron da ke wajen mutum ne mai ladabi, ya karɓi jakar takardun da na zo da ita, rasit na kemis wasu duk sun koɗe ba a ganin rubutun sosai, katin asibitin Baba, bayanan banki da na sa aka buga mini. Bai ce komai a kan maganar ba, ya ce shi aikinsa tattarawa ne, Anti ce mai amsa. Wannan ya burge ni, don a garin nan kowa malami ne kan abin da bai sani ba. Ya sa mana lokaci bayan la'asar saboda bambancin agogo, tsakaninmu da su awa biyar ne ko shida gwargwadon lokacin shekara, aka haɗa mu uku a kiran WhatsApp, ni da Yaya da ita.

Bayan gaisuwa da tambayar jikin su Baba, ba ta tambayi nawa Yaya ke turowa ba sam. Cewa ta yi, "Malam, su Baba a ina suke kwana a shekarar da ta wuce?" Na ce a gidansu mana, Tudun Wada. Ta ce suna da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka? Yaya ya ce a'a, Inna ce dai ta taɓa zuwa lokacin da aka yi haihuwa, da bizar ziyara. Sai ta ce to ku yi haƙuri, ba za su shiga ba.

Gaskiya raina bai so ba, har na fara kawo hujja, na ce Hajiya ga rasit nan jaka guda, ko ƙwayar shinkafa ba a ci a gidan nan sai da kuɗinsa. Ta bar ni na gama tsaf sannan ta yi bayani, kuma bayanin nan shi ne dalilin da ya sa nake wannan rubutun. Ta ce dokar Amurka tana da sharuɗɗa kafin ka saka mahaifi ko mahaifiya a takardarka, kuma da yawansu Yaya ya cika su. Na farko dangantaka, iyaye suna ciki, kuma su ba dole ba ne su zauna gida ɗaya da kai, wannan gaskiya ne kuma daga nan mutane ke ruɗewa, suna jin an ce ba sai kuna gida ɗaya ba sai su ɗauka ko a ina suke a duniya ya yi. Na biyu kuɗin shigar su kansu iyayen kada ya kai wani adadi a shekara, na 2024 dala 5,050 ne, na 2025 kuma 5,200, fanshon Baba ko kusa bai kai nan ba. Na uku sai ya zama kai ke ɗauke da fiye da rabin ɗawainiyarsu ta shekara. Amma kafin duk waɗannan akwai wani sharaɗi da yake tsaye a bakin ƙofa, dole mutumin ya zama ɗan ƙasar Amurka, ko mazaunin Amurka a idon doka, ko kuma mazaunin Kanada ko Meziko. Shi kenan. Najeriya ba ta ciki, Nijar ba ta ciki, Gana, Indiya, Ingila, duk ba sa ciki. Ta ce ko miliyan nawa ka turo, ko kai ka gina gidan kai ke biyan wuta da ruwa, in suna zaune a Zariya maganar ta ƙare a nan. Ta ce wa Yaya ya buɗe littafin IRS mai lamba 501 ya karanta da idonsa kada ya dogara da bakinta kawai, kyauta ne a intanet.

Sannan ta zo kan maganar dubban dalolin da aka yi masa alkawari, wannan ma ya ba ni mamaki. Ta ce a da can, har zuwa 2017, kowane mutum da ka saka ana cire maka dala 4,050 daga kuɗin da za a lissafa wa haraji, shi ne tsofaffin mazauna can har yanzu suke ba da labarinsa. Dokar da aka yi a ƙarshen 2017 ta dakatar da wannan daga 2018, aka kawo wani ragi na dala 500 kan kowane mutum da ba ƙaramin yaro ba. Dala 500 fa, Baba da Inna dubu ɗaya kenan ko da a ce sun cancanta. Kuma ita wannan 500 ɗin ma ta fi tsauri, sai ɗan ƙasa ko mazaunin Amurka, na Kanada da Meziko ma ba su samu. To dubban daga ina za su fito? Ta ce galibi irin waɗannan mutanen abin da suke yi shi ne su saka mutum a matsayin shugaban gida mai ɗauke da iyali maimakon gwauro, saboda ragin ya fi yawa, a 2024 gwauro dala 14,600 ne, shugaban gida 21,900, sai su ƙara da wasu ƙarairayin na kuɗin asibiti da sadaka. Shi Yaya ma da yake da mata suna cikewa tare wannan matsayin bai shafe shi ba kwata-kwata. Kuma ko wanda ba shi da aure, ba zai zama shugaban gida ta dalilin iyayensa ba sai in iyayen sun cika wancan sharaɗin na zama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai tambayar da ta yi wa Yaya ce, ta ce shi wancan mutumin yana sa hannu a takardar da sunansa da lambarsa? Yaya ya yi shiru, sannan ya ce abokansa sun ce ba ya sawa, takardar tana fita ne kamar kai ka cike da kanka. Ta ce duk wanda ya karɓi kuɗi ya cike maka haraji doka ta wajabta masa ya sa hannu ya rubuta lambarsa ta PTIN, wato lambar da IRS ke ba masu cike wa mutane haraji, wanda ya ƙi sawa ya san abin da ya rubuta. Ranar da wasiƙar IRS ta zo, sunan da ke kan fom 1040, wato takardar harajin shekara, shi za a nema, za ka mayar da kuɗin, ka biya ruwa a kai, kuma ana iya ɗora maka tarar kashi 20 cikin ɗari na abin da ka rage, shi kuwa ya riga ya ci kasonsa ya canza lambar waya. Kamar ka ba mutum aron babur ne ya je ya kaɗe wani ya gudu, lambar da ke jikin babur ɗin ita 'yan sanda za su bi.

Na sake tambaya kan zuwan Inna, tunda ta yi wasu watanni can. Nan ta zauna ta yi mana lissafi a hankali, har ta sa ƙaninta ya rubuta mini a takarda. Wanda ba shi da girin kad zai iya zama mazauni a lissafin haraji ta hanyar yawan kwanakin da ya yi a ƙasar. Sai ya yi aƙalla kwana 31 a shekarar da ake magana, sannan jimilla ta kai 183 idan aka haɗa duk kwanakin wannan shekarar, da kashi ɗaya cikin uku na shekarar da ta gabata, da kashi ɗaya cikin shida na wadda ta gabace ta. Ta ba da misali, a ce tsohuwa tana zuwa duk shekara tana yin kwana 120, lissafin zai zama 120 da 40 da 20, wato 180, bai kai ba, saura kwana uku. Na Inna ko kusa da haka bai yi ba. Kuma ta ja kunnen Yaya sosai, ta ce kada wani ya sa ka riƙe tsohuwa ta wuce wa'adin da aka buga mata a shigowa wai don a cika kwanaki, galibi wata shida ake ba mai ziyara, in ta zarce za ka lalata mata biza saboda dala 500. Sannan in ta zama mazauniya a lissafin haraji, duk abin da take samu ko a ina ne, har kuɗin hayar shago a kasuwa, ya shiga lissafi.

Akwai kuma maganar lambar ITIN, wadda wancan mutumin ya ce a turo fasfo domin ta. Ita lamba ce da IRS ke ba wanda ba shi da lambar soshiyal sikiriti, wato lambar shaidar da 'yan ƙasa da masu izinin aiki ke da ita a can, ana nemanta da fom W-7, kuma sai an haɗa da ainihin fasfo ko kwafin da hukumar da ta bayar da shi ta tabbatar, ko kuma a bi ta hannun wakilin da IRS ta amince ya duba takardu. Hajiya ta ce samun lambar ba ya mayar da mutum mazaunin Amurka, kuma ba ya sa ya cancanta. Da mun bi waccan maganar da na ɗauki fasfo ɗin tsofaffin nan biyu na aika wa mutumin da ban taɓa gani ba, ga Baba yana da niyyar Umara.

Wani abu da ta faɗa wanda ya warware mini wani ruɗani, akwai wani maƙwabcinmu da ɗansa ke Jamus kuma yana ta cewa ai ɗansa na samun ragi saboda su. Ta ce wannan gaskiya ne, dokar Jamus ta yarda a cire wani abu na kuɗin da kake tallafa wa iyaye mabuƙata ko suna ƙasar waje, in ka kawo shaidar turawa da takardun da suke nema. Ƙasa ce daban da doka daban. Mu a nan duk wanda ya fita waje Turai ya tafi, sai a ɗauka tsarinsu ɗaya ne.

To in ba a saka su ba, me muka biya kuɗi a kai? Nan ne na ga amfanin zuwa wajen wanda ya san aikinsa, don ta tono abubuwan da mu ba mu ma san tambaya ce ba. Ta ce kuɗin da Yaya ke turo wa iyayensa kyauta ce a idon doka, ba a cire masa ita daga haraji, haka kuɗin asibitinsu tunda ba su cika sharaɗin zama ba, haka gudummawar da yake bayarwa ta gyaran masallacin unguwa, tunda ba ƙungiyar da ke da rajista a Amurka ba ce. Amma kuma ba a cajinsa komai a kan kyautar. Iyaka dai in abin da ya ba mutum ɗaya a shekara ya wuce dala 18,000 a 2024, ko 19,000 a 2025, sai ya cike fom 709 ya sanar, kuma shi ma yawanci sanarwa ce kawai ba biya ba.

Sai ta tambaya, yana da asusun banki a Najeriya da sunansa? Yana da shi mana, a nan ake tara kuɗin ginin da yake yi a Ɗanmagaji, ni nake cirewa in biya magina da masu bulo. Ta ce akwai lokacin da kuɗin ciki, in an haɗa duk asusunsa na waje, ya haura dala 10,000 ko da na yini ɗaya ne? Muka duba, akwai, lokacin da za a yi rufi. Ta ce to wajibi ne ya cike FBAR, fom 114 na sanar da asusun bankin da mutum ke da shi a ƙasar waje, wanda ba IRS ake kai wa ba, wani sashe ne na ma'aikatar kuɗinsu mai suna FinCEN, ranar 15 ga Afrilu ne wa'adinsa kamar na haraji amma ana ɗaga shi kai tsaye zuwa 15 ga Oktoba. Ba a biyan ko sisi wajen cikewa, rashin cikewar ne ke da tara mai nauyi. Kuma ɗan ruwan da banki ke sakawa a asusun ajiya shi ma sai an faɗe shi a takardar haraji. Yaya shekara da shekaru bai taɓa jin wannan ba. Ita ta gyara masa, ta nuna masa yadda ake shigar da na baya da bayanin dalilin jinkiri. Ni a wajena wannan kaɗai ya biya kuɗin aikinta. Ta kuma gaya masa cewa daga farkon 2026 akwai harajin kashi 1 cikin ɗari kan kuɗin da ake turawa waje idan tsabar kuɗi ka kai kanti aka tura maka, amma in daga asusun bankinka ko katinka na can ka tura bai shafe ka ba, don haka ya daina kai tsaba.

Yanzu abubuwan da ban ji daɗinsu ba, don ba adalci ba ne in yi shiru. Samun ta a watan Maris wahala ne, za ka tura saƙo ya kwana biyu ba amsa, in amsar ta zo kuma saƙon murya ne mai tsawo ta haɗa abu biyar a ciki, sai ka yi ta maimaitawa kana neman inda ta faɗi adadi. Abu irin wannan mai lambobi a rubuce ya kamata a ba mutum. Ofishin nan kuma ba su da inbata, ranar da na koma kai bayanan banki ba wuta, janareto ba mai, sai da na sauka na je wani shagon kwamfuta aka yi mini sikanin da kuɗina, alhali takardun sirri ne da bai kamata su bi ta hannun kowa ba. Benen ma tsaye yake ƙwarai, dattijo ba zai iya hawa ba. Sannan kuɗinta da dala ne kuma ba araha ba, ko da yake ta faɗi adadin tun kafin a fara, bai canza ba, kuma bai danganta da nawa za a mayar maka ba. Da sun rubuta farashin sun manna a bango da ya fi, don yaron ofishin in ka tambaye shi sai ya ce sai Anti ta faɗa.

Wani abin kuma, da tun a waya yaron ya yi mini tambayar nan ta ina iyayen suke zaune, da ban sha wahalar bin kemis-kemis ina neman tsofaffin rasit ba. Na faɗa mata haka, ta karɓa, ta ce za ta sa a riƙa tambaya tun farko. Amma ta ce in ci gaba da riƙe littafin da rasit ɗin, saboda ɗan ƙasar Amurka da ya kai shekara 21 yana iya nema wa iyayensa girin kad, in Allah Ya sa wata rana su Baba suka koma can da zama to a lokacin lissafin ɗawainiya zai yi aiki. Har ta ƙara da cewa in 'yan'uwa da yawa ne ke haɗa kuɗi ba wanda shi kaɗai ya kai rabi, akwai fom 2120 da za su sa hannu su bar wa mutum ɗaya, muddin shi ya ba da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Ko da yake Baba ya riga ya ce shi ba inda za shi, sanyin Zariya ma na hunturu da ƙyar yake jure shi.

Wanda ɗan'uwansa albashi ɗaya yake karɓa, ba asusu a gida, ba gini, ba haya, gaskiya zai iya cike abinsa da manhaja a kwamfuta ba sai ya biya wannan kuɗin ba. Amma mai asusu a nan, ko mai gidan haya, ko wanda iyayensa ke zuwa suna daɗewa, ko wanda aka riga aka saka masa iyaye a takardun shekarun baya, shi kam ya nemi irin wannan ofishin, don ana gyara na baya da fom 1040-X kuma gara kai ka gyara kafin su rubuto maka. In za ku je ku je tun Janairu ko farkon Fabrairu kafin layi ya yi tsawo, ku tafi da bayanan banki na shekara cikakkiya da kwanakin shiga da fita da ke cikin fasfo ɗin tsofaffin in sun taɓa zuwa, kuma ku kira yaron tukuna ku ji ko akwai wuta.